Daga Bakin Shago: Kafin Ɗiyata Ta Hau Motar Abijan

Masu jiran ci gaban maganar kuɗin duwan da na fara a fitowar da ta wuce, ku yi mini haƙuri sai wani jiƙon. Wata magana ce ta shigo gidana, kuma na san ba gidana kaɗai take shiga ba.

Wata huɗu da suka wuce ina zaune a shago nan Ajame, ana cikin cinikin hantsi, sai saƙon murya ya shigo daga Maradi. Ɗiyar yayana ce. Ta gama karatunta a Yamai, shekara uku bayan bak, a fannin sadarwa. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, so nake in zo wurinka in nemi aikin hulɗa da jama'a. A nan manyan kamfanoni ba su da yawa, duk wanda ya san aikin Abijan yake nufa ko Dakar." Ban gama saurare ba kiran ubanta ya shigo. Shi Yaya ba ya kwana-kwana. Ya ce, "Kai ne ka san Abijan. Wannan aikin da yarinyar nan ke faɗa, mene ne shi? An ce mini tsayawa ake gaban jama'a ana yabon masu kuɗi. Ban raina sana'ar kowa ba, amma gidanmu ba a taɓa yin roƙo ba." Na ce, "Yaya, ba ni lokaci." Ya ɗauka dabara ce irin ta mutanen birni. Alhali ni ma ban san amsar ba. Tun 1992 nake garin nan, Hufuwet Buwanyi na da rai na zo, amma in ka tambaye ni abin da ake yi a benayen Filato sai dai in nuna maka su da yatsa. Filato ta nan nake nufi, unguwar bankuna da ofisoshi, kada 'yan Jos su ce na shiga gonarsu.

Akwai dalilin da ya hana ni cewa "taho" nan take. A 2016 ɗan ƙanwata ya kira ni da irin wannan muryar, da takardarsa ta aikin akanta a hannu. Ban tambaye shi komai ba, ban tambayi kowa komai ba, na aika masa kuɗin mota, don a lokacin gani nake karamci ke nan. Wata goma yaron nan yana goge takalmi da asuba, yana raba takardun neman aiki, yana dawowa da magariba ba ya iya haɗa ido da matata. Daga baya na same shi a Bilak yana sayar da rigar waya da caja. Talla ba abin kunya ba ne, da shi na fara. Amma ba shi ya baro gida don ya yi ba, kuma ya san an faɗa wa dangi duka cewa ya tafi aikin ofis. Ranar da ya koma ko sallama bai yi mini ba. Uwarsa ta yi shekara biyu tana gaishe ni gaisuwar maƙwabta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

To wannan karon na ce sai na yi tambaya. Ina da wata mai sayen atamfa, 'yar ƙasar nan, wadda ke zuwa wurina duk lokacin da ma'aikatarsu za ta yi anko, musamman in ranar mata ta 8 ga Maris ta matso. Na tuna ta taɓa ce mini ita ce mai kula da sadarwa a wurin aikinsu. Na kira ta na ce Madam ina da buƙata, ba ta ciniki ba. Ta yi dariya ta ce in same ta lokacin abincin rana. Daga gidana a Tireshbil gada ɗaya ce tsakanina da Filato, amma a shekarun nan duka ban taɓa hawa lif a can ba sai ranar.

Tambayar Yaya na fara yi mata, yadda ya yi ta. Ba ta ji haushi ba. Ta juyo mini da kwamfutarta ta ce, "Alaji, duba abin da na yi tun safe." Sanarwa ce mai layi goma sha wani abu, ta ce wannan gyara na biyar ke nan, don shugabansu ya cire wata kalma, lauyansu ya cire wata. Ta nuna mini jerin sunayen 'yan jarida, na Fraternité Matin, na gidan RTI, na jaridun intanet, kowa da abin da yake rubutu a kai da lokacin da ake samunsa. Ta nuna mini lissafin wani taro: kujeru nawa, wa zai zauna kusa da wa, wa zai fara magana, in wuta ta ɗauke wa zai tada inji. Ta ce tsayuwa gaban kyamara da yara ke gani a Facebook suna sha'awa, a shekara bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma galibi ba ita ke tsayawa ba, ita ke rubuta wa mai tsayuwar abin da zai faɗa. Sauran kwanakin rubutu ne, da kiran waya, da jiran wanda bai ɗauka ba.

Na ce to ai wannan dillanci ne. Mu mun san shi. Tun zamanin fataken goro, baƙo ya sauka a zango, maigida ne ke tsaya masa, shi ke magana da yawunsa, shi ke haɗa shi da mai saye, kuma in kaya suka fito da algus sunan maigidan ne ke ɓaci. Har yau je ka Anyama ka ga yadda ake cinikin goro, ba a rasa mai tsayuwa tsakani. Sarakuna kuma suna da sankira, wanda in sarki ya yi magana ƙasa-ƙasa shi ke ɗaga ta jama'a su ji. Madam ta ce misalin maigidan zango ya fi kusa, amma in ƙara abu ɗaya: ita ba saye da sayarwa take haɗawa ba, amana take tarawa, don ranar da abu ya lalace a sami wanda zai yarda da maganarsu. Ta ce maroƙi ranar biki ake nemansa, ita kuwa ranar da aka fi nemanta ita ce ranar da kowa ke kashe waya.

Wannan maganar ta mayar da ni watan Mayu na 2021, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Salla. Waɗanda ke nan ba sai na tuna muku ba. Ranar 19 ga wata wani bidiyo ya bazu a Facebook, aka ce wai 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kwaddebuwa. Ƙarya ce, tsohon hoto ne da aka ɗauka a Najeriya, ba shi da haɗi da ƙasashen biyu. Amma kafin a gane haka an far wa mutanenmu a Abobo da wasu unguwanni, an fasa shaguna, an ji wa mutane rauni, an rasa rai. Hukuma ta fito ta ƙaryata, kotu ta ɗaure matar da ta yaɗa abin shekara 5. Ni ranar na ja ƙofar shago tun kafin la'asar, muna ciki mu shida, kowa da waya a hannu, kowa na tura saƙon murya. Wa muke tura wa? Junanmu. Da Hausa. Waɗanda ke ɗauke da sanduna a waje ba sa jin Hausa, kuma ba sa cikin zaurukanmu na WhatsApp. A cikin mu shida babu mai lambar ɗan jarida ko ɗaya, babu wanda zai iya zama ya rubuta layi biyar da Faransanci mai kyau a cikin minti goma ya ce ga gaskiyar bidiyon nan. Shugabanninmu sun yi ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu. Amma na ga da idona cewa muna da dukiya a garin nan, muna da yawa, bakinmu ne gajere.

Abin dariya, mu ne muka ba garin nan sunan abincin da ya fi kowane farin jini. Garba, aceke da soyayyen kifi da barkono, wanda ɗalibi da ɗan gbaka da ma'aikacin banki duk suke layi a kansa. Kowa a Abijan zai ce maka sunan daga 'yan Nijar masu sayar da shi ya fito. Babu wanda ya biya kuɗin talla, tsayuwa ce kullum a wuri ɗaya da awo ɗaya. Albasar Galmi ma haka, matan kasuwa da sunanta suke nemanta. Suna muna da shi. Mai tsaron sunan in an watsa masa ƙasa ne babu.

Sai dai wannan bai zama dalilin da yarinya za ta haɗa kaya gobe ba, kuma Madam ba ta ɓoye mini ba. Ta ce garin nan na yaye nasa yaran a wannan fanni duk shekara. Ga makarantar ISTC a Kokodi, ga sashen sadarwa na jami'ar Hufuwet Buwanyi, ga makarantu masu zaman kansu da ke ba da takardar BTS bayan shekara biyu. Waɗannan yaran a nan aka haife su, malamansu sun san masu ɗaukar aiki, suna jin Faransancin ofis, suna jin Nushi na kan titi, da yawa suna jin Jula. Ɗaukar baƙo aiki kuma yana da takardunsa da kuɗinsa a kan kamfani, don haka ɗan ƙasa ne a gaban layi. Ƙofar shiga kusan ɗaya ce, wato istaj, aikin koyo na 'yan watanni, wani wurin a ba ka kuɗin mota, wani wurin ko shi babu, kuma ana iya gama shi a ce an gode. Ta ce abin da zai ɗaga yarinya sama da sa'o'inta abu biyu ne. Na farko Ingilishi, don akwai wurare irin Bankin Raya Afirka, wanda ya dawo mazauninsa na Abijan a 2014, da ke aiki da harsunan biyu. Na biyu aikin da ta riga ta yi wanda za a iya buɗewa a gani. Takardar makaranta kowa na da ita.

Na dawo gida na ɗauki biro na yi lissafi irin namu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2023 jika 75 ne, kuma mai istaj ba lalle ya kai nan ba. Dokar haya ta 2018 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da wata biyu na gaba da wata biyu na ajiya, to ka ƙara ladan wanda ya nemo maka ɗakin. A ce ɗaki jika 50 ne, kafin ka shimfiɗa tabarma ka ajiye kamar jika 250. Ita ɗiyata ba za ta biya haya ba, ɗaki na nan a gidana. Amma mota fa? Tufafin da ake shiga ofis da su fa? Kuɗin intanet? Wanda ya taɓa tsayawa tashar Ajame ƙarfe shida na yamma ana ruwa ya san abin da garin da ya haura mutum miliyan 5 ke yi wa aljihu da jiki. Ga kuma takardu. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ba ta cikin ƙungiyar CEDEAO. An ce a ci gaba da shige da fice kamar da kafin a sake sanarwa, amma mai hankali ba ya aiko ɗa sai takardunsa sun cika, kuma da ya sauka a yi masa katin ofishin jakadanci. Hanyar ma, ta Yamai zuwa Wagadugu, ba ita ce wadda na biyo ina saurayi ba.

Ana cikin haka Allah Ya kawo jarrabawa har gida, ba ni na shirya ta ba. Na sari wata atamfa turmi 40 daga hannun wani da ba zan faɗi sunansa ba, wasu mata suka kwashe ta don ankon biki. Wankin farko ta zuba. Kafin kwana biyu saƙonnin murya sun zaga Tireshbil da Ajame cewa Alaji ya koma sayar da jabu. Shekara talatin da wani abu ina gina sunan nan. Na kira Maradi na ce, "Ɗiyata, ga aikin da kike so ya samu. Rubuta mini abin da zan tura, da Hausa da Faransanci."

Cikin awa ɗaya ta turo. Wallahi da na karanta sai da na ji daɗi. Ta ce shagonmu ya shahara da kaya masu inganci tun shekaru, ta ce mahassada ne ke yaɗa jita-jita, ta ce jama'a su yi watsi da su. Na tura wa Madam ina taƙama. Amsarta gajera ce: "Ta kare ka irin na ɗiya. Ka tambaye ta, atamfar ta zuba ko ba ta zuba ba?" Na tura mata tambayar yadda take. Shiru har dare. Bayan isha sai ga kira. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan yi maka tambayoyi. Turmi nawa ne? Mutum nawa suka saya? Akwai saura a shago? Za ka mayar da kuɗi ko canji za ka yi?" Na amsa duka. Sai ta ce, "Waɗanda suka riga suka ɗinka fa, za ka biya su kuɗin ɗinki?" Na ce wannan ba ruwana, ba ni na saƙa ta ba, ni ma cuta ta aka yi. Ta ce, "Baba, su a wurinka suka saya. In ba ka yanke wannan ba ba zan iya rubutawa ba, don ita ce tambayar da za su fara yi."

Yarinyar da na yanka wa ragon suna ce ke faɗa mini haka. Raina ya ɓaci, na kashe wayar. Matata, wadda ke jin komai, ba ta ce uffan ba, wanda ya fi magana ciwo. Da safe na kira na ce zan biya rabi. Ta ce to a rubuta rabi, kada a rubuta "za mu duba". Sanarwar da ta fito layi shida ce. Ta faɗi wace atamfa ce da ranar da aka sayar, ta ce gaskiya ne ta zuba, ta ba da haƙuri sau ɗaya ba tare da kuka ba, ta ce a kawo ko an ɗinka, ga abin da za a mayar, ga lokacin da ake samuna. Ta kuma ce kada in tura a zaure tukuna, in fara kiran uwar amarya da bakina.

Ba zan ce muku abin ya zama riba ba. Na yi asara mai zafi, kuma akwai mata biyu da har yau in sun zo layinmu shagon maƙwabcina suke shiga. Amma saƙonnin sun tsaya cikin mako, kuma uwar amaryar ta dawo ta yi sayayyar Salla. Madam ta karanta ta biyun, ta gyara kalma uku a Faransancin, ta ce, "Wannan a ajiye, shi ne shafi na farko."

Ga abin da muka tsayar, mu uku da Yaya a waya. Ba za ta zo yanzu ba. Za ta yi wata shida a Maradi tana yin aikin a inda take. Garin ba shi da benayen Filato, amma yana da 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin mata, da gidajen rediyo, da asibitoci da makarantu masu zaman kansu, kuma kusan dukansu ba su da mai rubuta musu ko sanarwar rufe ƙofa. Ta nemi biyu ko uku ta yi musu, ko da ladan bai taka kara ya karya ba, ta ajiye komai: abin da ta tarar, abin da ta rubuta, abin da ya biyo baya. Ta riƙa shiga gidan rediyo tana ganin yadda ɗan jarida ke zaɓar labari da yadda yake jefar da wani, don wanda bai san haka ba ba zai iya kai masa labari ba. Ta dage da Ingilishi, ga Katsina nan kusa, ga waya a hannu. Madam ta yarda su riƙa magana sau ɗaya a wata, ta kuma haɗa ta da wasu mutum biyu masu aikin, ɗaya a kamfanin talla, ɗaya a ƙungiyar agaji, don ta ji bakin da ba ɗaya ba. Na ce mata ta tambaye su abin da suka tsana a aikin, da nawa suka fara karɓa, da wanda ya bar aikin da dalilinsa. Sannan ta fara neman istaj tun daga can. Ranar da wani ya rubuto ya ce zo ranar kaza, ni zan biya kuɗin tafiya, kuma zan riƙe ta wata shida ba tare da na tambaye ta ko dala ba. In wata shidan ya cika babu komai, za mu zauna mu sake shawara ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Wannan na faɗa gaban ubanta da gangan, kuma na roƙe shi kada a yi shela a dangi.

Ba ta ji daɗi ba, kada in yi muku ƙarya. Ta ce ƙawayenta biyu sun riga sun tafi Dakar. Na ce Allah Ya ba su sa'a. Ta yi mako biyu ba ta gaishe ni ba, na ce a raina to ga ta ƙanwata ta dawo. Sai ran nan ta turo mini hoton wata 'yar takarda da ta tsara wa wasu mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli, da sautin hirar da ta samo musu a rediyo. Sun biya ta da galan ɗaya na mai. Ta ce shugabar matan ta so a ce mansu na maganin hawan jini, ita kuma ta ƙi rubutawa, har suka yi kwana uku ba sa magana.

Matata ta riga ta kwashe buhunan da ke ɗakin baya, ta sa an yi fenti, ko da yake na gaya mata da saura. Shi kuwa Yaya har yanzu bai ce ya yarda ba, bai kuma sake ambaton roƙo ba. Shekaranjiya ya kira ni, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halinsa ba. Can ya ce kwatar da ke bayan layinsu a kasuwa ta toshe tun bara, sun je ofishin magajin gari sau uku da baki ba a yi komai ba. Wai in tambayar masa yarinyar nan ko irin wannan takardar ma tana cikin aikin nasu. Na ce, "Yaya, ai ɗakinta na kallon naka." Ya ce ya sani, amma in dai tambayar masa.